Matan Alhamis da Lambobin Soso

Aikina a masana'antar kujerun mota da ke garin Kariega shi ne danna soso. A yanko mini shi kamar sabulun wanki, in sa shi tsakanin faranti biyu na ƙarfe, inji ya matse, ni kuma in ja kujera ina kallon allo. Shekara goma sha tara ke nan. Sunana Zolile, amma labarin ba nawa ba ne. Na Lulama Dyasi ne, injiniyar da aka kawo mana daga jami'a, 'yar unguwarmu ta KwaNobuhle, wadda na san ubanta tun yana tura amalanken soso a wannan masana'antar kafin ya rasu.

Soso ba shi da magana ɗaya. Ka danna shi yanzu, ya ture ka da ƙarfi. Ka ci gaba da dannawa, bayan minti ɗaya ya sassauta, bayan awa ɗaya ya ƙara sassautawa. Ka ɗaga hannu kuma ba zai dawo nan take ba, sai ya riƙa tasowa a hankali kamar mai fushin da ake ba haƙuri. Wani ɓangaren ma ba ya dawowa har abada.

Lulama tana da manhaja a kwamfutarta da ke yanka kujera gunduwa-gunduwa har dubu ɗari uku, ta ɗora mata mutumin ƙarya, ta lissafa inda za ta lotsa. Amma manhajar ba ta san halin sosonmu ba sai an gaya mata, kuma da lambobi ake gaya mata. Goma sha biyu ne, biyu-biyu: nawa soson yake sakin jiki cikin daƙiƙa, nawa cikin minti, cikin awa, cikin kwana, cikin wata, cikin shekara. Na daƙiƙa zuwa na kwana, injina yana ba ta. Na wata da na shekara kuwa, babu wanda yake da su.

Da can babu wanda ya damu. Sai wani kamfanin bas na dogon zango ya ce zai sayi kujera dubu huɗu, in har za mu nuna masa a rubuce yadda za su kasance bayan shekara goma. Manajanmu, Mista Ferreira, ya amsa musu cewa mako shida ya ishe mu.

"Mako shida, Yallaɓai?" in ji Lulama. "Gwajin shekara goma fa."

"To me ake biyan kwamfutar?" Ya nuna ta da biro. "Ba don ta rage mana jira aka sayo ta ba?"

Ta gwada lambobin da ta gada daga wanda ya riga ta, waɗanda ya kwafo daga wata takardar Jamus. Kwamfutar ta ce bayan shekara goma kujerar tana nan kamar jiya aka ɗinka ta. Mista Ferreira ya ce a buga a aika. Lulama ta ƙi. Ta sa na gasa soso a tanda, don zafi yana sa shi tsufa da wuri, ta fitar da wasu lambobin. Wannan karon kwamfutar ta ce kafin shekara uku fasinja yana zaune a kan ƙarfe, gwiwarsa a haɓarsa.

"Bhuti Zolile," ta ce mini, wato yaya Zolile, ta tallafe kumatu, "ina da amsa biyu, kuma duk biyun ƙarya ne."

"Zaɓi wadda oga yake so mana, Sisi, 'yar'uwata. Ita ma ƙarya ce, amma tana da kwanciyar hankali."

Ba ta yi dariya ba. Mako biyu suka tafi a haka.

Ranar wata Litinin ta shigo ɗakin gwaji ko jaka ba ta ajiye ba. Ta ce jiya ta raka mahaifiyarta, Mama Nokhaya, coci, bayan wata uku tana zillewa. Da ta makara sai ta zauna a wurin wata tsohuwa da ba ta zo ba, ta ji ta faɗa cikin rami. Ta matsa gefe, ta faɗa wani ramin, mai faɗi daban. Maimakon ta saurari wa'azi sai ta zuge zif ɗin matashin bencin ta leƙa. Sosonmu ne, mai launin toka, da hatimin masana'anta da shekarar da aka zuba shi.

Na tuna. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ubanta ya roƙi ragowar soso, aka ba shi, aka yi wa benci huɗu na gaba matasai. Bencin matan ƙungiyar Alhamis ke nan, masu jar riga da farar hula. Kuma duk wanda ya san matan nan ya san kowacce tana da wurinta. Ko gobara ake, ba za ta zauna a na wata ba.

"Ka gane?" Idonta har ƙyalli yake. "Shekara sha ɗaya suna yi mini gwaji, kowace Lahadi da Alhamis. Abu uku kawai nake nema: zurfin ramin, awa nawa aka zauna, da nauyin mai zama."

"Na ukun nan," na ce, "ke za ki tambaya. Ni ina da iyali."

Ranar Alhamis muka je, ni ina ɗauke da sikeli a cikin buhu kamar kayan sata. Mata goma sha shida suna shan shayi da amagwinya, wato fankenmu na nan, bayan addu'a. Shugabarsu, Mama Nobantu, mace ce da in ta shigo ɗaki sai ka ji kamar ka gyara zama. Ta saurari Lulama har ƙarshe, ta ajiye kofi.

"Tsaya, 'yar Dyasi. Mun yi ta addu'a ki gama jami'a. Ni da kaina na yi azumin kwana uku lokacin jarrabawarki. Ashe duk karatun nan don ki dawo ki auna mazaunanmu ne?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Mama Nokhaya ta sunkuyar da kai cikin kofinta.

"Ba ku zan auna ba, Mama. Soson zan auna."

"To me sikeli ya zo yi? Soson zai hau?"

"Ni dai ba na hawa," in ji wata daga baya. "Likita ma sai da ya yi rantsuwa."

"Ke ai ba sikeli kike buƙata ba, Sisi, gadar awon manyan motoci ce taki."

"Ji mai magana! Wa ya karya kujerar gidan biki a Despatch?"

Lulama ta bar su suka gaji. Sannan ta ce musu a hankali, kujerun bas ne, irin wanda suke shiga awa goma sha biyu in za su je jana'iza ƙauye, su sauka ƙugu ya ƙi miƙewa. Nan dariya ta ragu. Kowacce tana da labarin wata kujerar bas da ba za ta yafe ba. Mama Nobantu ta yanke hukunci: a rataya zanin tebur, a auna a bayansa, ba suna sai lamba, kuma namiji ya fita waje. Na fita na tsaya a rana. Ina jin ihu daga ciki, wata tana cewa a cire kilo biyu na takalmi da hula, wata tana cewa sikelin masana'anta ne, an saba auna ƙarfe da shi.

Nauyinsu na da can kuma aka nemo shi a katunan asibiti, don kowacce ta rantse shekara goma sha ɗaya baya siririya ce. Katunan ba su goyi bayan kowa ba.

Awannin zama suka rage. Rajistar halarta tana hannun Mama Nobantu, ba a taɓa tsallake mako ba. Tsawon zaman sujadar Lahadi kuwa muka ɗauka sai dai a yi kintace, sai ga matar Fasto Makeleni ta kira Lulama gefe ta miƙa mata wasu ƙananan littattafai bakwai. Tun zuwansu cocin take rubuta lokacin da mijinta ya hau mumbari da lokacin da ya sauka, kowace Lahadi.

"Yana cewa minti arba'in yake yi," ta ce. "Na daɗe ina jiran wanda zai duba mini wannan da ilimi."

Awa ɗaya da minti hamsin da biyu ne, in an raba daidai.

Muka auna ramukan ranar Laraba, bayan soson ya huta kwana uku. Muka gwada su da ƙarshen benci, inda ake jibge littattafan waƙa, wanda ba a taɓa zama a kai ba. Lulama ta yanko ɗan ƙanƙani daga ƙarƙashin kowane wuri, na matse su a injina. Ta kwana huɗu tana juya lambobin nan biyu-biyu, ta ƙara nan, ta rage can, ta saki kwamfuta ta zaunar da matan ƙarya goma sha shida na tsawon shekara goma sha ɗaya, ta gwada ramin kwamfuta da ramin coci.

A rana ta biyar ta kira ni. A kan allo akwai layi, ɗigo goma sha huɗu sun kwanta a kansa kamar an jera su da hannu. Biyu sun ƙi. Lamba ɗaya tana can ƙasa: raminta bai kai rabin yadda ya kamata ba. Lamba tara tana can sama: raminta ya zarce kima.

"Goge su," na ce. "Sha huɗu cikin sha shida, ko a makaranta kin ci."

"In na goge abin da ban gane ba, me ya raba ni da takardar Jamus?"

Lamba ɗaya Mama Nobantu ce. A rajista ba ta taɓa fashi ba, kuma nauyinta ba abin wasa ba ne, amma wurinta kamar na yarinya. Lulama ta rasa yadda za ta tambaye ta, sai ta tambayi matar Fasto. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke ba kya zuwa coci, shi ya sa. Da an gama waƙa, Baba Fasto ya buɗe Littafi, sai ta tashi wai za ta duba tukunyar shayi. Tukunyar nan kuwa ba ta tafasa sai an ce amin."

Lulama ta cire awannin wa'azi daga lissafin lamba ɗaya. Ɗigon ya tashi ya hau layi daram. Ban san yadda aka yi maganar ta fita ba, ni dai matata kaɗai na gaya wa. Kafin Lahadi duk KwaNobuhle ta ji cewa kwamfuta ta kama Mama Nobantu. Ranar ta zauna tun daga farkon wa'azi har ƙarshe, ta harɗe hannu, tana kallon Fasto da idon da ya sa ya sauka a minti hamsin. Ba a taɓa ganin haka ba. Mata suka riƙa gode wa Lulama a ƙofa, ita kuwa Mama Nobantu ta wuce ta kamar ba ta taɓa yi mata azumi ba.

Lamba tara ce ta fi wuya, don Mama Nokhaya ce. Mace ce 'yar firit, ba ta kai kilo sittin ba, amma raminta ya fi na kowa zurfi. Lulama ta sake aunawa, ta sake duba katin asibiti. Ta tambaye ta a gida ko wata tana zama a wurinta.

"Wa zai zauna a wurina?" in ji uwar, tana tsince wake. "Kwamfutarki ce ba ta da lafiya."

Ranar Talata da hantsi Lulama ta ce in kai ta coci a motar masana'anta, ta ɗauko matashin gaba ɗaya mu yanka shi mu gani, ko soson ne ya lalace daga ciki. Mun karɓi mabuɗi a gidan Fasto, amma muka tarar ƙofar gefe a buɗe. A benci na biyu, wuri na uku daga bango, Mama Nokhaya tana zaune ita kaɗai, jakarta a cinya. Ba addu'a take ba, ba karatu ba. Zaune kawai take.

"Mama? Ba kin ce kina wurin ɗinki ba?"

Ta juyo ba tare da firgita ba. Ta dube ni, na cire hula.

"An rufe wurin ɗinkin shekara shida ke nan," ta ce.

"To ina kike zuwa kullum da safe?"

"Ga shi kin gani."

Ita ke share cocin ranar Asabar, don haka tana da mabuɗi. Ta ce bayan rasuwar mijinta, Tata Dyasi, gidan ya yi mata shiru da yawa. Lulama tana jami'a, daga baya kuma tana fita tun shida ta dawo bakwai. Nan ma shiru ne, amma shirun nan ba ya jiran kowa ya buɗe ƙofa. Takan zo bayan ta wanke kwanuka, ta tashi in yaran makaranta sun fara wucewa.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In gaya miki ki yi me? Ki bar aiki ki zo mu zauna mu biyu?" Ta gyara jakar. "Kina da abin yi, 'yata. Ni ce ba ni da shi."

Lulama ta zauna kusa da ita, a wurin wata, ta faɗa rami. Ni na fita na tsaya wajen mota ina karanta lambar tayar da na riga na sani. Sun kai rabin awa. Da ta fito idonta ja, ba matashi a hannunta. Muka shiga mota muka kama hanyar masana'anta.

"Awa huɗu a rana, kwana huɗu a mako, shekara shida," ta ce. Ta share hanci. "Bhuti, ka san abin haushin? Ita ce ɗigon da ya fi kowane amfani. Babu wadda ta kai ta awanni. Da ita zan ɗaure lambar shekara."

Haka kuwa aka yi. Da ta saka awannin gaskiya, lamba tara ta sauko kan layi can ƙarshe, inda babu kowa sai ita. Lambobi goma sha biyu suka cika. Kwamfuta ta ce kujerar bas za ta yi shekara bakwai lafiya, a ta takwas fasinja zai fara jin ƙarfe, in ba a ƙara kaurin yatsa ɗaya a ƙarƙashin ƙugu ba. Aka ƙara. Kamfanin bas ya sa hannu.

Matsala ɗaya ta rage, wato rahoto. Lulama ta rubuta gaskiya: benci huɗu, mata goma sha shida, rajista, da littattafan matar Fasto. Mista Ferreira ya karanta, ya cire tabarau ya murza ido.

"Lulama, wannan takardar fa can Jamus za ta je. Ba zan rubuta wa hedikwata cewa matan coci ne suka yi mana gwaji ba."

Ya ja layi a kai, ya rubuta da hannunsa: Cibiyar Gwajin Dogon Zango ta KwaNobuhle, tashoshi goma sha shida, shekara goma sha ɗaya ba tsayawa.

Hedikwata ta ji daɗi ƙwarai. Ta ji daɗi har ta turo wani Dakta Reinholt, shugaban sashen lissafi, ya zo ya ga cibiyar da idonsa, don su ba su da irinta. Mista Ferreira ya kamu da mura a ranar. Ni da Lulama muka kai baƙon, kuma da yake Alhamis ce, duk tashoshin suna nan cikin jar riga.

Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa da jakar kwamfuta, yana duban rufi ko zai ga wayoyi. Mama Nobantu ta taso ta karɓe shi. Ta riga ta huce, tun da ta ji cewa a rahoto ita ce Tasha ta Ɗaya.

"Ce masa ya zauna," ta ce wa Lulama. "Ba can ba, wurin Sisi Nomonde ne. Ce masa mu ne injinan. Tambaye shi ya ci abinci? Dubi wuyansa."

Lulama ta yi masa bayani da Turanci, tun daga zif har littattafai bakwai. Ya ajiye jakar. Ya durƙusa ya shafa ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya nemi ganin rajista, ya duba lambobin a kwamfutarsa. Sannan ya ce, a shekara ashirin da ya yi yana wannan aiki, bai taɓa samun bayanan da aka adana da tsabta haka ba. Aka fassara wa matar Fasto, ta dubi mijinta kawai. Aka cika masa faranti da umngqusho, wato dafaffen surfen masara da wake, da naman rago, aka tsaya a kansa har ya cinye, aka ƙara.

Bayan wata biyu lambobin suka shiga kundin kamfani na duniya baki ɗaya. Duk injiniyan da ya buɗe manhajar, a Jamus yake ko a Mexico, ya zaɓi soso mai launin toka, su yake samu. Sunan da ke jikinsu Reinholt ne. An aiko wa Lulama takardar yabo da kofin shayi mai tambarin kamfani. An kuma aika wa coci sabbin matasai, mata suka yi wata guda suna mitar cewa tauri gare su kuma ba su san kowa ba.

Lulama ta nemi a riƙa sakinta ƙarfe biyu ranar Talata, aka yarda. Ta sa uwarta a wani ajin saƙa a ɗakin karatu na unguwa. Mama Nokhaya ta je sau biyu ta ce matan wurin surutu gare su. Yanzu dai Talata tare suke zuwa kasuwa, su yi ta faɗa a kan farashin kabeji. Sauran kwanakin ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Makon jiya Mista Ferreira ya leƙo ɗakin gwaji da takarda a hannu, fuskarsa cike da fara'a, abin da ba ya zama alheri.

"Masu jirgin ƙasa ne," ya ce. "Sun ji labarinmu. Shekara ashirin da biyar suke so. Lulama, cocin naku ba shi da wasu tsofaffin matasai?"

"Babu, Yallaɓai."

"Wani cocin fa?"

Ta dube ni, na dubi injina.

"Akwai na 'yan Katolika a gangare," ta ce. "Tun kafin a haife ni suke da nasu. Amma su durƙuso suke yi a kai."

Ya ɗan yi tunani yana buga biro a haƙori.

"Gwiwa ma ai nauyi ne," ya ce. "Mako shida."